Shirun Tamu Mai Cuɗa

A tsohuwar unguwarmu ta Maknas, da wuya a sami macen da ta isa aure wadda Tamu ba ta san gadon bayanta ba. Ita ce mai cuɗa a gidan wankan mata da ke bayan layin majema. Tun tana 'yar mitsitsiya aka kawo ta daga ƙauye, ta fara da jan bokiti, ta girma a cikin tururi har fatar yatsunta ta tattare ta ƙi komawa. Mace za ta kwanta a kan daɓe mai ɗumi, Tamu ta shafe ta da baƙin sabulu, ta zura hannu a 'yar jakar cuɗa mai kaushi, ta bi ta tun daga wuya har diddige. Hannunta ba shi da taushi, kuma ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba.

Amma ba ƙarfin hannu ne ya tsayar da sunanta ba. Mai cuɗa tana ganin abin da ake ɓoye wa duniya: shatin duka, cikin da ya riga lokacinsa zuwa, ƙullutu a nono, gashin da ya zube aka rufe da ɗankwali. Iyayen samari kuwa a gidan wanka suke farautar surukai. Uwa za ta matso ta yi ƙasa da murya, ta tambayi Tamu yaya jikin 'yar gidan wane yake, da tabo ko babu. Sai Tamu ta dube ta ta ce, "Ruwan yau ya yi ɗumi daidai, Lalla." Lalla kuwa shi ne yadda ake kiran mace da girmamawa a wurinmu. Iyakar abin da ake samu a bakinta ke nan. Wasu suka ce girman kai ne da ita, 'yar ƙauyen da ko bargon kanta ba ta da shi. Su ɗin dai, ran wankansu, ita suke nema.

Ta taɓa aure, da mutumin da ke hura wutar gidan wankan, ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Daga baya mutane suka sa ruwan zafi a gidajensu, mai gidan wankan ya sayar da wurin, gwiwoyinta kuma suka ce sun gaji. Maƙwabta suka haɗa kai suka samar mata gado a wani gidan tsofaffi da wata ƙungiyar taimako ke riƙe da shi a gefen gari.

Kada a yi wa gidan ƙarya, ba mugun wuri ba ne. Ana share shi, akwai itacen lemo a tsakar gida, ana ba da shayi da burodi da man zaitun da safe, ran Juma'a kuma kuskus har da nama. Babu mai duka, babu mai zagi. Abin da ke akwai shi ne ƙarancin hannu. Ɓangaren mata cike yake, masu kula da shi kuwa mata biyu ne, sai ma'aikaciyar jinya da ke leƙowa wasu ranaku. Babbar cikinsu sunanta Bushra, mace mai kirki da ke tafiya kullum kamar za ta kifa don sauri.

A nan Tamu take ranar da aka turo keken marasa lafiya da wata tsohuwa a kai, cikin farar riga mai aikin zare, aka ba ta gadon da ke kusa da nata. Lalla Kenza ce, sharifiya, matar wani attajirin mai sayar da yadi da ya daɗe da rasuwa. Ɓarin jikinta ya shanye, 'ya'yanta maza suka yi shawara da matansu, shawarar ta ƙare a wannan gado. Shekara da shekaru Tamu ce ke cuɗa ta kowace Alhamis, kuma a duk shekarun nan "ke" Lalla Kenza take kiranta, ba ta taɓa kiran sunanta ba.

Lalla Kenza ta juyo da idon da ke motsi ta ƙare mata kallo. "Ke ce? Har nan ma kin biyo ni?"

"Ni na riga ki zuwa, Lalla. Ke kika biyo ni."

Tun ranar farko Lalla Kenza ta kafa dokarta. Babu yarinyar da za ta ɗaga mata riga. Za a jingina ta da matasai, fuskarta na kallon ƙofa kamar mai jiran baƙi, kuma haka za ta wuni, haka za ta kwana. Idan Bushra ta zo juya ta, sai ta damƙe bargo da hannunta mai lafiya ta tambaye ta ko uwarta ba ta koya mata kunya ba. Ita kuwa Bushra, uwarta ta koya mata har ta yi yawa. A gidansu sumbatar hannun sharifai ake yi, ba a yi musu gardama. Don haka takan goge mata fuska da hannuwa da ƙafafu, ta canja mata shimfiɗa ta ƙarƙashin bargo tana kau da kai, ta yayyafa mata ruwan furen lemo, ta ruga ɗaki na gaba inda wata ke kiranta. Ladabi ne, ban musa ba, amma ladabi ne da ya zo daidai da gajiyar mai yinsa, shi ya sa babu wanda ya tsaya ya bincike shi.

'Ya'yan kuma ran Juma'a suke zuwa bayan an sauko daga masallaci, da kwalin kayan zaƙi. Su sumbaci goshinta, su shaƙi ƙamshin furen lemo, su gode wa ma'aikata da suke kula da Hajiya haka, su duba agogo. Babu wanda ya taɓa tambayar yaya bayanta yake. Ɗa ba ya tambayar bayan uwarsa, kuma sun ji daɗin cewa ba ya tambaya.

Hancin Tamu ne ya fara sani. Wadda ta yi rayuwarta a cikin warin jikin mutane ba a ruɗinta da turare. Wani wari ne mai nauyi yake tasowa daga ƙarƙashin ƙamshin, kullum yana ƙaruwa. Ran nan bayan azahar, gidan ya yi tsit kowa na hutawa, ta ja ƙafa ta ɗebo ruwan ɗumi a roba, ta tura ƙofa. Sannan ta cire rigarta ta sama ta rataye, ta tsaya daga ita sai ɗan zane, yadda mai cuɗa ke tsayawa, don kada wadda ta tuɓe ta ji ita kaɗai ce a tuɓe.

"Juya, Lalla," ta ce, da muryar da take faɗar haka kowace Alhamis.

Jikin tsohuwar ya bi umarnin kafin girman kanta ya farka. Tamu ta tallafe ta ta kwantar a gefe, ta ɗaga rigar. A ƙasan gadon baya, daidai inda ƙashi ke danne katifa, akwai gyambo mai faɗin tafin hannu, gefensa ja, tsakiyarsa ya yi baƙi. Tamu ta ga abubuwa da yawa a jikin mata, amma sai da ta dafa ƙarfen gado.

Lalla Kenza na kallon bango ta ce, "Kin ga shatin bel ɗin mijina a bayan nan sau nawa?"

"Na gani."

"Kin taɓa faɗa?"

"Ban taɓa ba."

"To yau ma ba za ki fara ba, Tamu."

Ranar ce ta fara kiran sunanta. Ta ce idan aka sani asibiti za a kai ta, maza su riƙa juya ta kamar tunkiya a kasuwa, matan 'ya'yanta su tsaya a kanta suna toshe hanci, labari ya zaga gari cewa Lalla Kenza ta ruɓe da ranta. Gara mata kabari. Tamu ta fahimci wannan magana sarai, domin a kan irinta ta gina rayuwarta. Ta yi alkawari.

Sai ta shiga jinyar da ta sani. Kullum bayan azahar ta wanke wurin da ruwan ɗumi, ta kwaɓa lalle da man zaitun ta shafe shi, yadda ake yi wa faso da ƙuna a ƙauyensu. Lallen ya bushe ya rufe bakin gyambon, warin ya ragu, su biyun suka ce Alhamdu lillahi. Kuma a gaskiya kwanakin nan su ne mafi daɗi da Tamu ta yi a gidan. Lalla Kenza ta riƙa ajiye mata dabino, ta tambaye ta sunan ƙauyensu, ta yi mata gulmar matan 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya har Tamu ta yi dariya da hawaye. Tamu ba ta taɓa yin ƙawa ba. Mai riƙe sirrin kowa, ana girmama ta ne daga nesa.

A ƙarƙashin lallen kuwa ciwon ci yake yi. Wata safiya Lalla Kenza ta ƙi shan shayi. Kashegari jikinta ya yi zafi, haƙoranta na haɗuwa alhali rana ta fito, ta dubi Tamu ta kira ta da sunan ƙanwarta da ta mutu tun suna 'yan mata. Da Tamu ta ɓamɓare lallen, abin da ta gani ya wuce na farko nesa ba kusa ba.

Ta fita ta zauna a gindin lemon. Tsoro ne ya kama ta, da kunya, da baƙin ciki. Ba ta da ɗa, ba ta da gida, ba ta da abin da za a tuna ta da shi in ba wannan abu ɗaya ba, cewa babu wanda ya taɓa jin sirrin jikin mace daga bakinta. Ga shi kuma wadda ta ɗora mata alkawarin ita ce mutum na farko da ya taɓa ajiye mata dabino. Idan ta yi shiru za ta cika alkawari ta binne matar. Idan ta yi magana matar na iya tashi, amma ba za ta ƙara zama tata ba. Tana nan zaune Bushra ta fito da butar shayi.

"Ajiye butar nan, 'yata, ki zo ki duba bayan Lalla."

"Inna Tamu, kin san ba ta yarda."

"Ba yardarta na ce ki nemo ba. Bayanta ya ruɓe. Na gani tuntuni na ɓoye, na sa masa lalle."

Bushra ta shiga ta janye bargon. Lalla Kenza ba ta da ƙarfin riƙewa, amma hankalinta ya dawo na ɗan lokaci. Ba ta kalli Bushra ba. Tamu ta kalla, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Ashe kina da baki."

Aka kai ta asibiti, duk abin da ta ji tsoro kuwa sai da ya same ta. Maza suka juya ta, matan 'ya'yanta suka tsaya a kanta, gari ya ji. Likita ya ce ciwon ya kusa shiga jini, ya yi faɗa a kan lallen, faɗan ya iso kunnen Tamu ta karɓa, domin ta san nata ne. Bushra ta yi kuka ta ce da ta ɗaga rigar tun farko. Shugabar gidan ta ƙaro ma'aikaciya, ta kafa doka cewa duk wadda ke kwance sai an juya ta an duba bayanta, sharifiya ce ko 'yar wanki. 'Ya'yan suka zo da hayaniya suna neman mai laifi, kowa suka duba ban da junansu.

Lalla Kenza ta dawo da ranta. Abu na farko da ta nema shi ne a canja mata ɗaki. Ba ta ƙara yi wa Tamu magana ba, ko sallamarta ba ta amsawa. Wasu tsofaffin ma, idan Tamu ta wuce, sai su ja bargo har wuya, wannan kuwa ya fi faɗan likita yi mata ciwo. Takan zauna a kujerar da ke baranda, inda take jiyo muryar Lalla Kenza tana yi wa ma'aikata tsiya idan sun zo juya ta, tana cewa hannunsu kamar na masu dambe. Bushra ta taɓa tambayar ta ko ta yi nadama. Ta ce ta yi nadamar lallen, sauran kuma, ai ga shi tana jin muryar Lalla da ranta.

Lalla Kenza ta daɗe bayan haka, har aka tura ta a keke ta ga bikin jikarta. Da sanyi ya shigo wata shekara, ta cika da hantsi, cikin barci. Matan 'ya'yanta suka zo suna shawarar wadda za a ɗauko ta yi mata wanka, sai Bushra ta ce marigayiya ta bar magana a bakinta. Ta maimaita ta yadda aka faɗa mata: "Waccan mai bakin ta wanke ni. Ta riga ta gani, ta riga ta faɗa, ba abin da ya rage."

Aka kai Tamu ɗakin, Bushra na zuba mata ruwa. Ta rataye rigarta ta sama. Ta fara da dama kamar yadda ake yi, a hankali, da hannu mai taushin da ba ta taɓa yi wa Lalla Kenza amfani da shi ba tana raye. Da suka juya ta, ta ga wurin. Ya warke sarai, sai tabo mai sheƙi da ya ɗan lotsa. Ta ɗora tafinta a kai ya rufe shi daidai, ta daɗe a haka, Bushra ba ta ce ta yi sauri ba.

Da ta fito, mata sun cika baranda. Matar babban ɗan ta matso ta kama hannunta, ta yi ƙasa da murya, ta ce an ce ramin har ƙashi ya kai, gaskiya ne? Yaya ta gan shi?

Tamu ta zare hannunta ta gyara ɗankwali.

"Ruwan ya yi ɗumi daidai, Lalla," ta ce, ta ja ƙafa ta koma ɗakinta.