Irin Kuɓewar Kaka a Saman Bene

Da muka koma gidan haya a Birnin Kebbi, a saman bene, ƙasa na fara nema. Babu ko taku ɗaya, sai 'yar baranda mai faɗin tabarma. Na yanka tsofaffin jarkoki, na huda gindinsu da ƙusa mai zafi, na cika su da ƙasa da kashin awaki. Na shuka yakuwa da ɗoɗɗoya da albasa, sai kuɓewar kakata, wadda ɗan abin da ya rage na irinta bai cika cokali ba.

Ashe ruwan da nake zuba musu yana ɗiga kan shanyar Maman Sadiya, maƙwabciyata ta ƙasa. Ranar da ya ɓata mata farin mayafi, ta hawo har ƙofata.

"Baiwar Allah, nan gona ce? Gobe mai gidan zai zo. Wallahi sai an zubar da tarkacen nan."

Kuɓewar ko ganye na uku ba ta yi ba. In aka zubar, ban san inda zan sake shuka ragowar ba, kuma iri in ya daɗe a ƙulle mutuwa yake. Na zauna tsakanin jarkokin, zuciyata ta tafi ƙauyenmu kusa da Illo.

Ina yarinya, shekarar da kogin Kwara ya cika ya shigo gonaki, bayan isha maza duk suna bakin gari suna tare ruwa da buhunan yashi. Mu yara muna jin ƙugin ruwan daga tsakar gida. Kaka Ladi ta tara mu gaban wuta, ta jefa ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro. Ƙanena ya fara kuka, Kaka ta tsokane shi.

"Kai, mijin banza, ruwa ka ba ka tsoro? Matso nan. Ga wata ta taho, ku tare ta."

"Ta iso mu ji," muka amsa, kamar yadda ake buɗe tatsuniya a garinmu.

Ta ce an yi wata mata mai kuɓewa, yauƙinta in an ɗaga ludayi har sama ba ya tsinkewa. Wata ƙawarta 'yar ƙabilar Dendawa daga tsallaken iyaka ta haye da kwalekwale ta roƙi iri. Matar ta ji kunyar hanawa, ta kuma ji ƙyashin bayarwa. Sai ta shiga ɗaki, ta soya irin a kasko, ta bari ya huce, ta ƙulle ta ba ta da fara'a.

A nan Kaka ta yi shiru, don an ƙwala ihu daga bakin gari. Ta gyara itace, ta ci gaba kamar ba ta ji ba.

Damina ta zo, ruwa ya cinye lambun matar da rumbunta. Ta haye wurin ƙawar tana kuka, a ba ta daga wanda ta bayar. Ƙawar ta kai ta bayan gida, ta nuna mata kunyar shukar a share, babu ko tsiro.

"Kullum ina ban ruwa, 'yar'uwa. Ban san laihin da na yi mishi ba."

"Mi kuka ji?" in ji Kaka. "Iri ba ya da rumbu sai gidan maƙwabci. Ta ƙare, ku kwanta."

A daren ruwa ya ci lambunmu. Da ya janye, Kaka ta aika tsallake, aka kawo mata irin kuɓewarta daga hannun waɗanda ta taɓa ba. Ina yarinya na ɗauka labarin kan rowa ne kawai. Sai a barandar nan na gane har da tsoro a ciki, don ni ma ƙanƙame nawa na yi, ban taɓa ba kowa ba.

Washegari da safe na sa tsofaffin faranti ƙarƙashin jarkokin. Na raba ragowar irin biyu, na ɗauki jarka mai ƙasa, na sauka.

"Maman Sadiya, ki yi haƙuri da mayafinki. Wannan irin kuɓewar kakata ne. Ke kina da tsakar gida. In an zubar da nawa, kada ya ƙare."

Ta dubi irin da ke tafin hannuna. Motar mai gidan ta tsaya a ƙofa, muka ji an rufe murfinta.

"Tana da yauƙi?" ta tambaya.

"Sosai."

Ta karɓi irin, ta ajiye jarkar inda rana ke faɗawa.

"Koma sama, Hajiya. Ni zan yi masa magana."