Tokar Inna da Tsarabar Abijan

Washegarin ruwan shuka na 1982 Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, ya dawo Azarori daga ci-rani a Abijan. Bayan ya raba tsaraba, sai ya zaro wani ɗan dunƙulen roba mai fuska shida, kowace da launinta, ya murɗa shi ƙaras-ƙaras har launukan suka cakuɗe. Ni na ɗauka karya shi ya yi. "Wanda ya maishe shi yadda yake kahin in koma bayan girbi, nashi ne," in ji shi. "In ba haka ba, da ni za shi."

Yaran gidanmu suka ɗan yi wawarsa, suka koma langarsu. Ni kuwa, da ko ido ba na iya ɗagawa in Mushe, malaminmu na boko, ya kira sunana a lakwal, sai na sami abokin da ba ya neman surutu. A aljihu nake kai shi gona. In an huta noma a gindin aduwa, ina murɗawa ina jera tsakuwa don kada hanyar da na bi ta ɓace mini. Gumi da ƙasa suka dafe shi. Da gero ya nuna, saura kusurwa biyu kawai, sai na ɓoye shi cikin jeren kwanukan Inna, inda babu mai taɓawa.

Na manta jajibirin Sallar Layya ake sauke jere a goge da toka. Na dawo daga yankan ciyawar rago, na tarar da dunƙulen tsakanin kwanuka yana shan rana, baƙi ƙirin ko'ina. Ashe launukan ƴan takardu ne aka manna. Ga su can suna yawo a ruwan wanke-wanke. Damin ciyawa ya zame daga kaina.

"Mi kaka kallo? Dauɗa ta yi mai yawa, na wanke ma shi tas," in ji Inna.

Kawu ya jujjuya shi, ya yi dariya har da hawaye. "Kowace huska launi guda! Yaya ta riga ka, nata ne." Bisa jerenta dunƙulen ya zauna har ta rasu.

Yanzu ɗana kan nuna mini sababbi a waya, masu siffar dala da masu fuska goma sha biyu, mutane na tara su a kabad, launinsu kuma ba ya wankuwa. Ban sayi ko ɗaya ba. Baƙin nan na Inna yana kan teburina, kuma har yau ban san ko kusurwoyin nan biyu sun koma gurbinsu ba.