Ranar da Na Ɗaura wa Namijin Gwanda Zani

Ko na so in manta da wannan abu, mutanen unguwarmu Sabonjida ba za su bari ba.

Bayan gidanmu akwai ɗan fili. Ni lambu nake so, uwargida kuma rumfa take so ta kafa ta riƙa dafa shinkafa da wake na sayarwa. Muka yi yarjejeniya: in dasa gwandata, idan damina ta zagayo ba mu ci ko ɗaya ba, fili ya zama nata.

Ni mutum ne mai son tsari. Da farko na dasa gwanda uku a kan tudu, don ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi. Sannan na zaɓa musu maƙwabta. Zogale ya tsaya ta yamma yana tare zafin rana, barkono a tsakani, wake a ƙasa ya rufe ƙasar kada ta bushe. Kabewa ma na gwada, amma ba ta da ladabi, ta kama hawa kan kowa, na tumɓuke ta. Da rani ya shigo, ruwan alwala da na wanke-wanke duk can nake kai su.

Ɗaya daga cikin gwandar ta fi sauran tsayi da kyau, ita nake nuna wa baƙi. Sai ta fitar da furanni dogaye suna reto, ɗa ko ɗaya babu. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wannan ai namiji ne. Ga tsayi ga ado, aiki babu. In kira kafinta ya auna rumfa?"

Sauran biyun ƙanana ne, sun shige cikin zogale, ban ma ɗauke su a bakin komai ba. Na ɗauko adda zan sare namijin, sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, 'yar ƙabilar Dagomba da muke kira Mma, ta hango ni ta kan katanga.

"Ɗana, ajiye addar nan. Kunyata shi za ka yi. A ƙauyenmu zani ake ɗaura masa, kunya ta kama shi ya koma mace."

Na ce, "Mma, itace yana jin kunya?"

Ta ce, "Ya fi wasu mazan unguwar nan."

A lokacin da fili ke neman kuɓuce maka, ba ka tsayawa dogon bincike. Washegari da na dawo sallar asuba na ciro zani daga kan igiya, na tsuguna na ɗaura masa tsaf, har ina gyara bakin zanin ya daidaita. Ina ɗagowa na ga kawuna jere a kan katanga, mutanen da muka fito masallaci tare, har da ladan.

Ladan ya ce, "Malam, yaushe ne ɗaurin auren? Ba mu ga goro ba."

Ban gama da su ba uwargida ta fito. Ashe sabon zaninta na zuwa suna na ɗauko, kuma farin ruwan gwanda ya riga ya ɓata shi. Ta ce, "To, a bar masa! Amma in bai haihu ba, ni da kai ne."

Daga ranar, in na ratsa kasuwa a kan babur sai in ji an ce, "Ina amarya?" Ni da yara ke gudu in sun ji tarina, na zama abin dariya. Namiji kuwa ko a jikinsa. Yana tsaye cikin zani yana zuba furanni, ƙudan zuma na ta kai-komo a kansa.

Wata safiya ina tsinkar barkono, na ɗaga reshen zogale, sai ga 'ya'yan gwanda manne a wuyan ƙananan nan biyu. Daga baya wani mai sayar da dashe a unguwar Gumbihini ya ce mini irin gwandata sai da namiji a kusa matan ke haihuwa, ƙwari ne ke kai musu garin furensa. Da na sare shi, da yanzu hayaƙin murhu ke tashi a wurin.

Kafin ruwan farko muka yanka ta fari. Na kai wa Mma rabi. Ta ce, "Ka gani? Kunya ta sa ya tura ƙannensa." Ban yi musu ba. Uwargida ta cinye nata, ta dubi namijin, ta dube ni, ta ce, "Ashe kuna da amfani, ba a dai gani ne."

Abin da na koya shi ne, a lambu ba a sallamar kowa don kawai ba a ga aikinsa ba, sai an duba wa yake yi wa aiki. Na biyu kuma, in za ka yi abin kunya, ka fara ƙara wa katangarka tsayi.