Gyaran Rufi

Ni fa tun farko ban yarda da tsohon nan ba. Mutum ba ɗan'uwanka ba, ba alƙali ba, kullum yana kan keke daga Kazaure zuwa Roni, wai shi mai tsaya wa 'yan haya ne. Yau ya kama mudun da aka bubbuge wa gindi a kasuwa, gobe yana ƙofar wani mai gida yana faɗa. Na ce ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da yake ci.

Shekarun da kuɗin mai ya shigo ne, ma'aikatan titi sun cika gari suna neman ɗaki ko nawa ne. Mijina yana koyarwa a Gwiwa, ni da goyo muna ɗakin haya. Rannan sai ga Alhaji mai gidan da fara'a, wai zai sake mana rufi, in fitar da kaya na kwana biyu. Har na fara godiya. Kafin azahar an kwashe kwanon tas, ga gabas ta yi baƙi.

Ina ɗaure tabarmi tsohon ya yi sallama.

"'Yar nan, ajiye. Ko randa kika fitar, ɗakin ya tafi. Haka suke yi."

"Baba, ai jiya na gan ku da Alhajin kuna raba goro."

"Goronsa na ci, ban ci amanarki ba."

Ban yarda ba wallahi. Na zaci so suke ruwa ya jiƙe kayana in tafi don kaina. Ya ce in kai yaron maƙwabta. Na kai, na dawo na tsaya a zaure ina harararsa.

Ya shimfiɗa buzunsa a tsakiyar ɗakin da ba rufi, ya zauna. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, bawan Allah ko motsi. Masu dawowa daga la'asar suka leƙo, suka ga furfura tana ɗiga, aka yi ta salati. Liman da kansa ya aika a kira Alhaji. Ya zo yana kame-kame, wai kafinta ne ya makara. Kafin magariba ana buga ƙusa.

Ɗakin nan na haifi 'ya'ya uku a cikinsa. Na daɗe ina jiran ranar da tsohon zai zo karɓar ladansa, bai zo ba. Da ya rasu na je gaisuwa. Daga ɗakin haya aka fito da shi, an jera kwanoni a ƙasa suna tarar yoyo.