Namadi Mai Salansa da Buhun Shinkafa

Wata Talata cikin bazara, matata Mashkura ta sauka daga bayan basfata a gindin hawan yashin da ke hanyarmu ta zuwa Bagudo, ta yi 'yan taku, ta zauna a ƙasa, ta kasa tashi. Ciwon zuciya take fama da shi, likita kuma ya ce duk mako sai ya gan ta. Daga Kurgu muke tasowa. Basfar ta tsufa tare da ni a aikin koyarwa, ba ta iya jan mutum biyu a wurin nan, don haka kullum Mashkura kan sauka ta haye da ƙafa, ni kuma in tura. Ran nan ta nuna mini cewa wannan tsari ya ƙare.

Ba ni da halin yabon mutane. Na karanta tarihin manya da yawa, na kuma ga wasunsu ido da ido, abin bai ƙara mini sha'awar yabo ba. Amma a ƙarshen watan nan Namadi mai gyaran salansar babura zai rufe rumfarsa ya koma gonarsa a Kende, babu kuma wanda zai shirya masa walima ko ya miƙa masa agogon bango. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wanda ya san Bagudo ya san rumfar, kusa da tashar babura. Da an idar da sallar asuba Namadi zai hura gawayi a cikin wata rabin ganga, ya jera salansoshin da aka bar masa a kan wutar kamar mai gasa kifi. In hayaƙin da ya daskare a ciki ya ƙone, sai ya riƙa bugun ƙarfen da guntun icce har baƙin garin ya zube. Bayan ya mayar da salansar jikin babur, zai tayar da injin, ya durƙusa, ya kai kunnensa dab da bakin salansar yana saurare. Haka ya yi tun yana saurayi har furfura ta cika masa gemu.

Abin da ya bambanta shi da sauran bakanikai tambaya ce guda. Kafin ya taɓa sifana sai ya ce da mai mashin, da harshenmu na nan, "Wa ka zamna baya?" Masunta sun san tambayar, domin sun sha kawo masa mashinan da ke kai kifi kasuwa kafin rana ta taɓa shi. Wata ungozoma ta shaida mini cewa tun da ya gyara nata ba ta ƙara tura shi a laka ba. Samarin da ke tsallaka iyaka zuwa Benin su ma sun san ta, kuma ba sa son ta. Su abin da suke so a farke salansa a zubar da hanjinta, don a ganinsu ƙara ita ce gudu. Namadi kan gaya musu cewa jaki ma yana da murya, ba a taɓa jin ya ci tsere ba. Wasu su yi dariya su zauna, wasu su yi gaba wurin mai guduma.

Ni ma shawarar da aka ba ni ke nan. 'Yan kabu-kabu suka ce in bari a huda salansar, basfar za ta tashi kamar an harba ta. Sai dai ƙarar babur ko daga nesa takan sa zuciyar Mashkura ta riƙa dukan uku-uku, ita kuma ta rantse ba za ta hau bayan wani yaro ba. Ina bukatar basfa mai ƙarfin tashi wadda ba ta ihu. Da na faɗa wa Namadi haka, na zaci zai ce in je in sayi mota, kamar yadda 'yan'uwana masu arha da shawara suka ce.

Ya yi mini tambayarsa. Na ce iyalina. Ya ce nauyinta kamar yaya? Na dube shi irin kallon da nake yi wa ɗalibai marasa kunya. Bai ko lura ba. Ya jawo wani buhun shinkafa da yake ajiyewa don wannan aiki, ya ɗaure a kujerar baya, ya hau, ya tafi har wurin hawan, ya dawo da yashi a wandonsa. Ya ce ya ji inda basfar take shaƙewa.

Ya ƙona salansar, ya yanka cikinta, ya sa mai walda ya faɗaɗa mata ƙirji, ya sake bututun ciki da wani da ya huhhuda da hannunsa, ya naɗe shi da abin da zai shanye ƙara. Ya gyara kafireta don mai ya yi daidai da sabon numfashin, in ba haka ba, in ji shi, injin zai yi zafi ya kama. Duk gyaran da ya yi sai ya ɗaura buhun ya koma hawan. Sau nawa, ban ƙirga ba.

Ranar da zan karɓa, na zo da Mashkura a motar kasuwa. Ta zauna a bencinsa suka gaisa. Ya ce, "Sannu Inna, ya jiki?" Ta ce da sauƙi. Ya dube ta sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Sai na ga ya kwance bakin buhun, ya ɗebe kwano biyu ya zuba a tasa, ya ɗaure, ya sake murɗa wani ƙaramin noti, ya tafi gwaji na ƙarshe. Ni da nake kwana gida ɗaya da ita ban yarda ta rame haka ba sai da na ga shinkafar nan a tasa.

Da muka iso hawan, na ji ta riƙe mini riga tana shirin sauka. Na murɗa hannu. Basfar ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa, ta ɗauke mu, ta aje mu a sama.

Namadi, kai ne mai kunnen da ƙarfe ke kai wa ƙara. Kai ne ka ɗauki tsohuwar basfa da tsoho mai baƙin rai, ka yi musu aiki kamar motar gwamna aka kawo maka. Ba ka warkar da kowa ba, ba ka kuma taɓa cewa za ka iya ba. Abin da ka ba mu shi ne hanya marar tura, da shirun da mutum biyu za su ji juna a cikinsa. A watannin nan mun yi hirar da ba mu samu damar yi ba a dukan zaman aurenmu. Ta gaya mini wace 'yarmu ce take tsoron za ta yi irin halina. Ta gaya mini cewa miyar da nake yabawa tun muna amare ba ita ke yin ta ba. Da salansar samarin nan ce, da duk wannan ya bi iska.

A tafiyarmu ta ƙarshe, bayan mun haye, ta matso da bakinta kusa da kunnena ta ba ni saƙo gare shi. Ranar aka ba ta gado a asibiti, ba ta kuma dawo gida ba. Namadi ya zo jana'iza, amma a cikin taron nan ko sunana ban iya faɗa ba. Bayan haka na daɗe ban leƙa Bagudo ba. Da na koma, na tarar kunnen da ya yi shekaru a bakin salansa ya gama aikinsa. Namadi ba ya ji, ko da ihu. Ba ya kuma karatu. Na tsaya a gabansa na ɗaga murya har 'yan tasha suka waiwayo, ya yi murmushi ya cire fulogi ya duba. Na gwada da hannu, ina nuna kujerar baya, ina nuna ƙasa, ina girgiza kai. Ya ɗauko sifana ya ɗaure mini kujerar tamau, ya daki kafaɗata.

Na gode maka, Namadi. Allah ya sa shinkafar Kende ta karɓe ka, ya saka maka da abin da mu ba mu da shi. Ku kuma masu sana'a, bakanike ne ko likita ko mai hatimi a ofis, ba na roƙonku ku zama waliyyai. Kafin ku taɓa aikin mutum, ku tambaye shi wa yake ɗauke da shi a baya.

Saƙon yana nan wurina, ga shi yadda ta faɗe shi: "Malam, ka ce ma Namadi, tun da ya sa hannu ban ƙara sabka ba."