Ƙwan Zabi Biyar da Na Hana a Dafa

Akwai ranakun aiki da na manta, amma ban da ranar da na zama abar ƙi a gidan kajin Gwaggo Hanne da ke Batsari, kuma duk a kan ƙwai biyar. Ku da kuka fara aiki bana, ku saurara, don Yaya Sale yana ba da labarin nan a karkace.

Ga tsarin muƙamai a lokacin. Gwaggo, ƙanwar babana, ita ce manaja, ita ce kuma kotun ƙoli. Yaya Sale shi ke kula da injin ƙyanƙyasa da ba kaji abinci. Ni Dije ina aji biyar a sakandare, ina zuwa bayan an tashi, na kuma naɗa kaina shugabar sashen kwamfuta, wato wata tsohuwar kwamfuta da kafin ta gama kunnuwa kaza ta yi ƙwai ta huta.

A ƙarshen daminar bara, Hajiya Laure, shugabar wata ƙungiyar mata ta Tsaskiya, ta zo neman 'yan tsakin zabi ashirin. Mata ashirin ne a ƙungiyar, kowacce za a ba ta ɗaya. Gwaggo ta yi alkawari a gabansu cewa babu wadda za ta koma hannu rabbana. Ga wanda bai sani ba, zabi da damina suke ƙwai, ruwa na ɗaukewa su rufe kasuwa. Idan wannan zubin ya gaza, sai wata shekara.

Ranar Asabar Inna Jumma, Bafulatanar da ke kawo mana ƙwai daga Wagini, ta iso da talatin cikin ƙwarya, ta ce na ƙarshe ke nan. Gwaggo ta yi lissafinta a ka. Ta daɗe da sanin cewa ƙwan Inna Jumma, cikin goma takwas ke ƙyanƙyashewa, don haka ta ce ashirin da biyar za su ba da ashirin daidai. Al'adar gidan kuwa, duk abin da ya yi saura dafawa ake yi ma'aikata su ci. Yaya Sale ya ɗora ruwa tun kafin ta rufe baki, har ya aika a sayo yaji.

Ni ma yawuna ya tsinke, ba na ɓoyewa. Amma a makon malamin lissafinmu ya nuna mana yadda ake auna yiwuwar abu a shafin lissafi na kwamfuta, mai gidaje-gidajen nan. Na buɗe shi. A jeri na farko na rubuta sifiri zuwa ashirin da biyar, wato yawan tsakin da ka iya fitowa. A na biyu na sa umarnin da ake ba yawan ƙwai da rabon kowane ƙwai, takwas cikin goma, shi kuma ya faɗi yiwuwar samun kowane adadi. A na uku na sa kowane gida ya tara nasa da duk na samansa. Wannan na ukun shi ke gaya maka yiwuwar samun adadi kaza ko ƙasa da shi.

Ashirin ce ta fi kowace lamba rabo, Gwaggo ba ta yi kuskure a nan ba. Sai dai da na duba jeri na uku a kan sha tara, na ga talatin da takwas cikin ɗari. Na maida ƙwan talatin, abin ya faɗi ƙasa da uku cikin ɗari.

Na fita da gudu na tarar ruwa ya fara ƙananan kumfa, Yaya Sale yana tsugune gabansa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Na tare ƙwaryar da jikina na ce ba za a dafa ba.

Gwaggo ta ce, "Ke Dije, takwas cikin goma ba ashirin cikin ashirin da biyar ba ne? Ko an canza lissafi tun da muka bar makaranta?"

Na ce, "Haka ne, Gwaggo, amma ƙwai ba su san an yi musu wannan rabon ba. In kin yi zubi irin wannan sau goma, kusan sau huɗu sai kin nemi matar da za ki ba haƙuri."

Yaya Sale ya ce tun da aka halicce shi bai taɓa ganin kwamfuta mai hassada irin tamu ba, ita ba ta ci ba, ta hana mai ci. Gwaggo ba ta kalli kwamfutar ba ma. Ta tuna wani zubi da aka samu kusan duka, da wani da aka sha kunya, ta ce ai ta san da hawa da saukar nan, ba ta dai taɓa sa musu lamba ba. Sannan ta ce a sauke ruwa a haɗa shayi.

Na yi wa biyar ɗin alama da gawayi muka sa duka a inji. Makonni huɗu Yaya Sale yana juya ƙwan nan yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, in ya zo kan masu gawayi ya ce, "Sannunku, karin kumallona."

Ashirin da biyu suka fito. Huɗu daga cikinsu masu gawayi ne. Ku cire da kanku ku ga inda da muka tsaya.

Hajiya Laure ta zo a babur da kwali mai huda-huda, ta tafi da ashirin, kowace mace ta samu nata. Ba ta san an yi wani yaƙi ba, mu ma ba mu gaya mata ba.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan abin da aka saba samu daban, abin da za ka iya yin alkawari a kansa daban. Mai saye ba ruwansa da yadda zubinka na bara ya yi kyau, nasa yake jira. Don haka in kuka ji Gwaggo za ta ce wa wani "in sha Allahu za ki samu", ku ba ni hanya kawai, kada ku tambayi ina zan je.