Ranar da Aka Aike Ni Wurin Tambari

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, yayana ne mai garinmu, nan Dakoro, lokacin garin bai wuce ƴan bukkoki da rijiya guda ba. Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga karatu a Katsina ba. Rawanina ya fi ilimina girma, amma ina ganin babu maganar gari da za ta daidaita sai na sa baki.

Zamanmu na lallami ne. Kudu muna aika gaisuwa fadar sarki a Tsibiri, arewa muna ba Abzinawa gero su ba mu gishiri, muna kuma yi wa shugabansu, tambari, ladabin da zai sa raƙumansa su bi gefen gonakinmu maimakon tsakiya.

Sai ga mutanen wani ƙauye na gabas sun iso da awakinsu da tukwanensu. Sun yi faɗa da makiyayan tambari a kan ruwa, an fasa kawuna, suka gudo. Masu haƙar rijiya ne, kuma su suka ba mu iri a wata yunwa da ta wuce. Ba a jima ba manzon tambari ya zo, ya ce ko mu kore su, ko mu manta da gishiri da zaman lafiya.

Aka taru ƙarƙashin gawo. Kawunmu, wanda ya tsufa yana ciniki da Abzinawa, ya ce a ba baƙin guzuri su yi gaba. Ya ce mai gari na mutanensa ne tukuna, kuma irin da aka ba mu mun riga mun gode. Na miƙe na gyara rawani. Na yi magana kan amana da haƙƙin maƙwabci, na ce garin da ya sayar da baƙonsa don gishiri gara ya ci tuwo lami har abada. Na daɗe ina yi, har wani tsoho ya yi barci ya farka ya same ni a kai.

Da na zauna, yayana ya ce, "To, Malam, ka rinjaye mu. Tunda kai ka fi kowa baki, kai za ka kai wa tambari amsa."

Ban taɓa tunanin amana tana da tafiya ba. Na ɗauka a inuwa ake faɗinta a tashi.

Na hau jaki na nufi zangon Abzinawa, ina maimaita jawabina a hanya. Da na isa na ga maza lulluɓe, ido kawai a waje, kowa da takobi a cinya, sai jawabin ya tsere ya bar ni. Aka ba ni nonon raƙumi, garin sha rabi ya zube a rigata. Tambari ya tambaye ni da Hausa me na kawo.

Na buɗe baki, ban ji amana ta fito ba. Na ji kaina ina cewa, "Ranka shi daɗe, rijiyarmu tana zubewa, kuma mutanen nan kaɗai suka iya gyaranta. In sun tafi, raƙumanka a ina za su sha bana?"

Ya dube ni, ya dubi rigata, ya yi dariya. Ya ce baƙin su zauna, amma dabbobinsa su fara shan ruwa kafin namu har damina ta faɗi. Na amince tun bai rufe baki ba.

A gida aka tarye ni kamar na ci yaƙi. Baƙin suka ce tsoron Allah da nake da shi ne ya cece su. Kawu kaɗai ya ja ni gefe ya tambayi abin da na faɗa, na gaya masa kaf. Ya ce tsorona ya fi karatuna hankali, amma da ban yi surutun nan a gindin gawo ba, da babu wanda zai je ma.

Mutanen suka gyara rijiya, suka yi gonaki a yamma da mu, jikokinsu suna nan. Awakinmu kuwa sun sha ƙishi a ranin nan, uku daga cikin nawa suka mutu, matata ta yi ta yi mini gori har kaka.